Farar Kwat da Bargon Mbuya Gondo

A makarantar kwana ta 'yan mishan da ke bayan garin Gweru, kowa shuɗiyar kwat yake sawa, in ban da 'yan Ƙungiyar Zakaru. Su tasu fara ce, mai zare ruwan zinariya a bakin aljihu. Ba sa bin layin abinci, ba sa shara, ƙananan ɗalibai kuma har rige-rigen ba su hanya suke yi. Tsungai Marimo tun tana aji ɗaya take kwana tana tashi da son wannan kwat. Da ta kai ajin kusa da na ƙarshe, sakamakonta ya isa a ɗauke ta, saura sharaɗi guda: sai ta fita hidimar jama'a tare da 'yan ƙungiya.

Wata Asabar cikin watan Yuni, lokacin hunturun ƙasar, sanyi na tsaga leɓe, suka shiga motar makaranta za su kai wa tsofaffin ƙauye barguna. Malama Mudzingwa, mai kula da ƙungiyar, ta zauna gaba. Kudzanai, shugaban zakarun, ya rataye na'urar ɗaukar hoto a wuya. Tsungai ta ga barguna uku ne kacal a bayan mota, amma ta ɗauka sauran na tafe.

Gidan farko na wata tsohuwa ce, Mbuya Gondo, wato Kaka Gondo, wadda ke zaune ita kaɗai. Tun jiya aka gaya mata baƙi na zuwa, don haka ta share tsakar gida fes, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta dafa musu gyaɗa cike da kwano. Ta tarye su tana tafa hannu irin na gaisuwa, tana kiran su jikokinta.

Malama Mudzingwa ta dube ta sama da ƙasa, ta yamutsa fuska.

"Mbuya, wannan rigar ta yi kyau da yawa," in ji ta. "Ba ki da wadda kike zuwa gona da ita?"

Tsohuwa ba ta gane ba, amma ta shiga ɗaki ta fito da wata riga da ta mutu, kafaɗa a yage. Kudzanai ya zaunar da ita a ƙasa gefen bangon da ya tsage, ya ture kujerarta da ƙafa don kada ta fito a hoto. Ya ce ta daina murmushi. Aka miƙa wa Tsungai bargo, aka ce ta durƙusa ta lulluɓa mata.

Tana lulluɓawa, tsohuwa ta kama hannunta da hannaye biyu masu sanyi kamar ƙarfe, ta yi ta sa mata albarka. Ta ce tun rasuwar mijinta ba wanda ya tuna da ita sai yau. Kudzanai ya yi ta ɗauka ta kowace kusurwa.

Da ya gama, Malama ta zare bargon daga kafaɗar tsohuwa, ta kakkaɓe, ta naɗe. Ta ce mata wannan na nuni ne, nata na zuwa mako mai zuwa. Mbuya Gondo ta yi godiya har ƙasa, ta tilasta musu tafiya da gyaɗar. Ba su yi nisa ba Kudzanai ya watsar da ita ta taga, ya goge hannu a kujera, wasu suka yi dariya.

Haka suka yi ta yi gida bayan gida, da barguna ukun nan, har la'asar.  A hanyar dawowa Tsungai ta daure ta tambayi Malama yaushe za a kawo na gaskiyar.

"Ke dai ba kwat kike so ba?" in ji Malama, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Bargunan na ɗakin jinyar makaranta ne, aro muka yi. Sai ki iya bakinki."

Ta kuwa iya shi. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan daga baya.

Ranar ba da kyaututtuka aka kafa rumfa a filin ƙwallo. A bayan manyan baƙi aka rataye wani ƙaton hoto: Tsungai a durƙushe, tsohuwa cikin yagaggiyar riga tana riƙe da hannunta. Shugaban makaranta ya yi dogon jawabi a kan tausayi, har muryarsa na rawa. Aka ba Kudzanai lambar yabo ta hidimar jama'a, aka yafa wa Tsungai farar kwat. Mahaifiyarta, mai sayar da tumatir a kasuwar Mkoba, ta miƙe cikin taro ta rangaɗa guɗa. Tsungai ta ji kwat ɗin a jikinta tamkar rigar da wani ya yi gumi a ciki ya ba ta. Da aka zo cin sadza, tuwon masararsu, da naman kaza a teburin zakaru, ta ture kwanonta gefe.

A bayan rumfa ta kwashe labarin duka ta gaya wa mahaifiyarta. Matar ta waiga ko wani na ji, sannan ta gyara mata wuyan kwat. Ta ce masu wannan kwat su ake fara dubawa in za a ba da gurbin karatu kyauta a jami'a, kuma duniya ba a kan Tsungai ta fara lalacewa ba.

"Amai, har gyaɗa fa tsohuwar ta dafa mana," in ji Tsungai, da yake haka suke kiran uwa.

Mahaifiyar ta kau da kai.

Tsungai ta sa kwat ɗin har ƙarshen shekara, tana tsallake layi, tana jin haushin kanta. Da sanyi ya zagayo, aka tara sababbin da za a ɗauka, Malama ta ce ta yi musu bayanin hidimar jama'a, tunda ita ce ta cikin hoto. Ta tashi ta faɗa musu yadda ake yi, tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba.  Wata yarinya ta sunkuyar da kai, wani yaro kuwa ya tambaya ko duk da haka za a ba su kwat ɗin.

Kafin dare an karɓe tata, an rubuta cewa rashin ɗa'a ne. Sababbin suka tafi ƙauye ranar Asabar, ba wanda ya fasa. Mahaifiyarta ta yi hutu guda ba ta yi mata wata doguwar magana ba. Tsungai ta ƙarasa shekararta ta ƙarshe cikin tsohuwar shuɗiyar kwat da ta matse ta a hammata, tana bin layin abinci a bayan 'yan aji ɗaya. Jarrabawa ta ci, gurbin kyauta kuwa Kudzanai aka ba.