Ƙayar da Balanti Ya Bari

Shekara talatin da ɗoriya Mati ya yi yana ga-ruwa a Daura. Da sanda da garwa biyu ya fara, daga baya ya koma tura kura mai jarka goma. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, har ya tsufa haka take. Mutum ne da ba ya iya ganin abu da ƙishirwa ya wuce. In ya juye wa masu gida ruwa, ɗan abin da ya rage a gindin jarka sai ya nemi wanda zai ba, ko jaki, ko kaza, ko darbejiyar ƙofar gida.

Abu ɗaya ne kawai a garin aka hana shi shayarwa.

A kan hanyar Zango akwai shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Sunansa Valentine, amma duk unguwar Balanti ake ce masa, shi ma ya daɗe da amsawa. A gefen shagon, inda rana ke duka tun hantsi har la'asar, ya ajiye rabin duro cike da yashi da tsakuwa, a ciki kuwa akwai wata ƙaya da babu irinta a ƙasar Daura. Ganyenta kalar toka ne, mai tauri kamar an yanko shi daga kwanon rufi. In lokacinta ya yi sai ta fid da kawuna kamar 'ya'yan dabino, kowanne da wuyan ƙaya, sannan ta rine daga sama har kara, ta yi shuɗi irin na zanen da aka tsamo daga marina bai gama bushewa ba. Ƙanen Balanti, Ifechi, ma'aikacin jirgin ruwa, shi ya kawo irin a ambulan daga wata ƙasa mai nisa, ya ce a cikin yashin bakin teku take fitowa. Mati bai taɓa ganin teku ba. Ya dai yanke wa kansa cewa kalarsa ke nan, ita ƙayar daga kallonsa ta ɗauka.

Kullum ya kawo ruwa sai an yi.

"Baba Mati, ɗauke jarkar nan daga kanta."

"Haba Balanti, ragowa ce fa."

"Ba ta so."

"Ita ta faɗa maka?"

"Ita ta faɗa min. Da Ibo muke magana."

"To ka tambayar min ita, ko azumi take yi."

Sai su yi dariya, Balanti ya tura masa benci, matarsa Ego ta miƙo gyaɗa a takarda. A ransa kuwa Mati rowa ya ɗauki abin, rowar da bai san dalilinta ba ga mutum mai sakin hannu haka.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, bayan tashin hankalin da aka yi a Kaduna, zuciyar Ego ta ƙi kwanciya. Babu wanda ya taɓa su a Daura. Maƙwabta har sun zo sun roƙe su su zauna, amma 'yan'uwa a gida sun matsa da saƙo. Ranar da aka loda kaya a mota, duron bai sami wuri ba. Balanti ya kama hannun Mati ya kai shi gabansa.

"Amana ce, Baba. Zan dawo. Ka bar ta kawai yadda take."

Motar na tashi Mati ya ce wa kansa ba a barin amana a bakin titi. Ya kawo kurarsa. Da ya ɗaga duron sai ya ji an riƙe shi ta ƙasa. Ashe gindin ya daɗe da cin tsatsa, saiwa mai kaurin babban yatsa ta ratsa ta shige ƙasa. Ya ja, ta ƙi. Ya ari fartanya ya datse ta, ya tura kayansa gida.

Ya ba ta wurin da ya fi kowane daraja a gidan, ƙarƙashin darbejiya, gefen dutsen da yake tsugunawa ya yi alwala. Ya kwashe rabin tsakuwar ya zuba takin awaki. Ya hana matarsa Hasana watsa mata ruwan wanke-wanke, ya ce baƙuwa ce, ruwan alwala kaɗai za ta sha. Sau biyar a rana yake tsugunawa a bakin duron, ruwan na sauka daga gwiwar hannunsa zuwa gindinta, yana jin daɗi irin na wanda ya ciyar da maraya.

Bayan wata biyu ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa.

"Malam," in ji Hasana tana tankaɗe, "ni dai ban taɓa ganin mai ita ya ba ta ruwa ba."

"Shi ya sa ta rame. Yanzu take fitar da ciwon."

"To. Allah ya ba ta lafiya."

Ya ƙara mata ruwa. Ya kafa mata zana don kada rana ta same ta ta gefe. Wata Juma'a ma ya taka har rijiyar Kusugu ya ɗebo mata a buta. Damina na sauka ta kwanta gaba ɗaya. Da ya taɓa karan sai ya biyo hannunsa, saiwar ta yi laushi tana wari kamar rogon da ya ruɓe.

Ya wanke duron ya kife shi a bayan ɗaki. Daga ranar ya daina bin hanyar shagon. In zai je tasha sai ya zaga ta lungu, ko da ƙafa na ciwo. Wani lokaci da la'asar yakan tuna bencin nan, da gyaɗar Ego, da shuɗin da ke ƙara duhu in rana ta karkata, sai ya ce wa Hasana shayin yanzu ba ya daɗi.

Ana cikin shekara ta uku wani direban motar Anacha ya yi sallama da shi a ƙofar gida. Ya ce Balanti na gaisuwa, yana tafe ranar Asabar, shi kaɗai. Ifechi ya rasu bara. Balanti yana so ya ɗebi irin ƙayar nan ya shuka a kan kabarinsa, don ita kaɗai ta rage daga abin da ya taɓa kawo masa.

Ranar Alhamis Mati ya fita bayan gari da fartanya, ya dawo da kwarko, ƙayar nan mai ganye kalar toka da ke fitowa a kan juji. Ya tayar da duron ya dasa shi, ya ja da baya yana kallo da ido ɗaya.

Hasana ta zo ta tsaya kusa da shi. "Furen wannan ruwan ƙwai ne, Malam. Marina za ka kai shi?"

Can ya tuge shi ya jefa a murhu.

Ranar Asabar da hantsi ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi tasha. Balanti ya sauko da 'yar jaka, furfura ta cinye masa gefen kai. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Mati ya yi masa ta'aziyya, ya tambayi Ego da yara. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Balanti, na ci amanarka. Ta mutu a hannuna."

Balanti ya mayar da jakar ɗaya hannun.

"Ruwa ka ba ta?"

"Na alwala."

"Sau nawa?"

"Biyar. Ran Juma'a shida."

Balanti ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya goge ido da bayan hannu. "Ai na san za a yi haka. Ga-ruwa na bar wa ita." Ya dafa kafaɗar nan da ta sauka. "Ba komai, Baba. Zo ka raka ni in ga shago."

Shagon yanzu yana hannun wani mai faci, Kalilu. Suka same shi zaune a kan taya yana goga tib da kankare. Ya gane Balanti, ya miƙe suka gaisa. Mati dai ƙasa yake kallo, shi ya sa shi ya fara gani. A bayan tarin tsofaffin tayoyi, daidai inda duron ya taɓa zama, a cikin ƙasa mai tauri da ta sha baƙin mai, ga ta nan tsaye har gwiwa. Ba ɗaya ba, uku, kowacce da kawunanta, wasu shuɗi shar, wasu sun bushe.

"Wannan jarabar?" in ji Kalilu da ya ga inda suke kallo. "Sau uku ina sare ta. In na sare ɗaya, biyu ke fitowa. Jiya ma ta yage min wando."

"Mai faci yana faɗa da ƙaya," in ji Balanti. "Wa ke kawo maka aiki?"

"Oga, ai ba ta taɓa fasa min tayar kowa ba. Ni kaɗai take suka."

"Kana ba ta ruwa?" Mati ya tambaya a hankali.

"Ruwa? Baba, ko tofa mata yawu ban taɓa yi ba."

Mati ya tsuguna. Guntun saiwar nan ne da ya datse da fartanya ya bari a ƙasa. Ya kai yatsa ya taɓa ganyen, ya soke shi, bai janye ba.

Balanti ya karɓi reza a hannun Kalilu ya yanke busassun kawuna bakwai. Ya murza ɗaya a tafin hannu, ƙananan iri suka zubo, ya hura ƙaiƙayin. Ya naɗe su a hankici ya sa a aljihun gaba, ya danna maɓalli.

"Sauran a nan za su zauna," ya ce. "Kalilu, ka daina sara. Baba Mati, na sake ba ka amana. Aikinka ka zo ka zauna ka kalle ta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In ka iya."

Kalilu ya jawo benci, aka aika sayen gyaɗa. Suka zauna suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka ƙaura har aka kira azahar. Mati ya ɗauki butar Kalilu, ya naɗe hannun riga, ƙafafunsa suka kai shi gindin ƙayar ya tsuguna. Har ya karkata butar.

Balanti ya yi gyaran murya.

Mati ya dubi butar, ya dubi ƙayar. Ya miƙe da ƙyar, ya taka har bakin kwata can nesa, ya tsuguna a nan. Yana wanke hannu yana waiwayenta.