Bargon da Ya Rufe Tagar Rafi'u

Bashira ce ta fara ganin bargon. Suna cikin hira da 'yarta Dalal ta waya, irin kiran nan da ake ganin juna, sai jaririya ta motsa, Dalal ta juya ta ɗauke ta, wayar ta karkace. Nan Bashira ta hango shi: jan bargo mai kauri an rataye a kan taga, an cusa tawul a ƙasanta. Jaririyar kuwa, Jawahir, ga hula ga safa ga riga a kan riga da rana tsaka, tana wani tari da ya tsaya wa Bashira a rai.

Tagar nan aikin Rafi'u ce, mijin Bashira. Tun yana saurayi yake haɗa tagogin alminiyam a warsharsa, wato shagon aikinsa da ke unguwar Sharafiyya a Jidda, kuma da Dalal ta auri Muath, malamin makaranta a can Tabuk, sai ya ce gado da kujeru kowa ma yana kaiwa, shi tagogi zai yi wa gidan. Ya yi su kuwa, na Jidda na gaske: gilashi mai duhu da ke korar rana, firam na alminiyam mai zamewa sumul. Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna shan shayi a ƙofar warshar sai ya sha labarin tagogin Tabuk, ko yana so ko ba ya so.

To amma mutumin da aka haifa a Jidda, ina ya san sanyi? A nan abokin gaba ɗaya ne, rana. Rafi'u ya ƙare rayuwarsa yana hana ta shiga gidajen mutane, shi ne ya je garin da ake roƙon ta ya kore ta.

Da Bashira ta matsa, Dalal ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Iska na shigowa ta inda tagogin ke zamewa, firam ɗin yana tsatsafar ruwa, rana kuma ba ta taɓa leƙo ɗakin ba. Likita ya ce ƙirjin yarinyar ba zai jure kwana cikin sanyi ba. Muath ya so ya canza su, amma da wane ido zai ɓalle kyautar surukinsa? Dalal ta haɗa uwarta da Allah kada ta faɗa wa Abuya, don haka take kiran ubanta.

Bashira ba ta faɗa ba, alkawari ne. Abin da ta yi kawai, washegari da aka yi kira, ta miƙa wa Rafi'u wayar ta ce wa Dalal ta matsa kusa da taga don kakan ya ga jikarsa a haske. Yo wane haske? Bargo ya gani.

Ta san halin mijinta, mutum ne da in ka ce aikinsa ya karkace sai ya ce idonka ne. Ta shirya jin an zagi magini, an zagi Tabuk, an haɗa da Muath. Sai kawai ya ƙura wa bargon ido.

"Dalal, ɗaga bargon ki ɗora hannunki a kan firam," ya ce. "Me kika ji?"

"Kamar ƙanƙara, Abuya."

"Halas, shi ke nan," ya ce, ya ajiye wayar.

Daga ranar Rafi'u ya koma ɗan koyo, da furfurarsa da komai. Ya zaga masu sayar da gilashi yana tambaya ba girman kai. Wani ya ce ya sayi mai gilashi uku, na waje, wanda tsadarsa ke sa mutum zufa. Wani ya ce ya liƙa roba a tsoffin kawai, babu wanda zai sani. Ya saurari kowa, bai yarda da kowa ba. Ya ce sau ɗaya ya zaɓi taga da tunani, wannan karon sai fatarsa ta shaida.

Sai dai a ina za a samo sanyi a Jidda? Ya tuna da Othman, abokinsa na yarinta, mai ɗakin sanyi na ajiyar nama a unguwar Waziriyya. A bangon ɗakin akwai 'yar kafa da ake miƙo kwalaye, nan Rafi'u ya riƙa kafa ƙananan tagogi na gwaji, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Bashira ta kai masa abinci, ta tarar da shi yana fitowa daga cikin tumakin da aka rataye, jallabiya biyu a jikinsa, ya yafa dardumar salla, hanci ya yi ja. Othman na gefe yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa ya kusa auna shi a kilo.

Rafi'u bai kula shi ba. Ya tsaya daga waje ya manna kuncinsa a jikin firam, ya rufe ido. Sannan ya kunna kyandir ya bi gefen tagar a hankali, yana kallon ko harshen wutar zai karkata. Bashira ta tsaya da kwano a hannu tana kallonsa, kuma wallahi rabon da ya burge ta haka tun suna amarya da ango.

Alminiyam ɗinsa ne ya fara faɗuwa, ya yi gumi sharkaf. Wadda ta ci ita ce mai firam na farar roba mai tauri, gilashi biyu da iska a tsakani, tana buɗewa kamar ƙofa, in an rufe ta damƙe gam. Mai gilashi uku ta ɗan fi ta, amma ya ce Tabuk ce ba Rasha ba, gara a yi wa kowane ɗaki mai biyu da a yi wa ɗaki ɗaya mai uku. Abin da ya fi masa wuya shi ne gilashin. Ya daɗe yana jujjuya fari tas a hannunsa kafin ya ce a yanka. Bai taɓa buɗe wa rana ƙofa ba sai wannan karon.

Da kansa ya tuƙa motar zuwa Tabuk, Bashira a gefensa. Muath ya tarbe su duk kunya ta rufe shi, yana ta ce wa surukin nasa, Ammi, ai tsoffin ma ba su da laifi, ko a bari shi ya cire. Rafi'u ya ce hannun da ya sa su shi zai cire su. Ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya bai ko waiwaye su ba.

Da safen da aka gama, rana ta shigo ɗakin ta kwanta a kan kafet. Bashira ta cire wa Jawahir hula ta ajiye ta a wurin, yarinyar ta miƙe ƙafa tana kama hasken da hannu. Dalal ta naɗe jan bargon a ɓoye za ta tura shi ƙarƙashin gado, sai uban ya miƙa hannu.

"Ba ni shi. A warsha zan rataye shi." Ya karɓa, ya dube ta sosai. "Wata nawa kina rufe min asiri da bargo, jikata na tari? Gobe in aikina ya cuce ki, ki faɗa min. Ni ubanki ne kafin in zama mai taga."

Dalal ta sunkuyar da kai tana hawaye. Bashira ta ɗauki jikarta ta matsa kusa da gilashin, inda ya fi ɗumi.