Sunan da Aka Kira a Lasifika

A ƙauyen su Ɗan'inna, can gaba da Aujara, sata ta kai inda mace ba ta isa ta ɗaure akuya a ƙofar gida ta shiga ta sauke tukunya ba. Kafin ta fito, sai igiya. Da rana tsaka ake kora dabbobi, kowa kuma ya san da hannun ɗan gari a ciki, amma ka tambayi mutum sai ya ce maka shi dai Allah ya kyauta.

Da abin ya ishi mutane, Sajan Ashafa, shugaban ƙaramin caji ofis ɗin yankin, ya zo ya zauna da magidanta a ƙofar gidan mai unguwa. Aka kafa kwamitin tsaro, ya ba da lambar wayarsa.

"Duk wanda ya ga wani abu ya kira ni," in ji shi. "Daga ni sai shugaban kwamiti za mu san sunansa. Na yi muku alkawari."

Aka naɗa Liman Talha shugaba, don wa ya kai shi amana? Dattijo ne da bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba. Halinsa ɗaya ne: in ka ba shi ko ruwa a moɗa, sai ya gode maka, ya gode wa iyayenka, ya haɗa da kakanninka. Babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi.

Shi Ɗan'inna manomi ne mai gona ɗaya tak a bakin daji. A wannan shekarar ya yi kasada, ya ƙi shuka gero, ya zuba riɗi a gonar gaba ɗaya. Rumbunsa wayam. Abincin gidansa na shekara yana cikin riɗin nan, sai an sayar a auno hatsi. Riɗin ya yi kyau kuwa, ya yanke shi ya ɗaure ya jingina dammunan a tsaye suna shan rana. Mako biyu suke bukata kafin a kaɗe.

Yana cikin wannan aiki ya hango Musaddiq, ɗan wani maƙwabcinsa da ya rasu, shi da baƙin fuska biyu, suna kora tumaki zuwa wani kangon gidan kaji da ke bayan gonar. A cikinsu har da tunkiyar Iya Gaji, tsohuwar da ta kwana uku tana bi gida-gida tana cigiya.

Da ya gaya wa matarsa Luba, sai ta dafe ƙirji. "Malam, ka rufa mana asiri ka ja bakinka. Gonarmu ce fa a bakin hanyarsu."

Ya ja bakin har kwana biyu. A na uku ya gamu da Iya Gaji tana tafe da igiya a hannu, idonta ya kumbura, sai ya kasa daurewa. Ya koma tsakiyar gona inda babu kowa, ya kira Sajan.

'Yan sanda suka dira a kangon ranar Laraba. Dabba goma sha bakwai aka fito da su, aka kama Musaddiq da mutum ɗaya, ɗayan ya tsere. Gari ya ɗauki guɗa. Ɗan'inna ya ji daɗi a ransa, ya yi shiru abinsa.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, Liman Talha ya riƙe lasifika ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya gode wa hukuma, ya gode wa kwamiti. Sannan ya ɗaga murya cikin tsabar farin ciki.

"Akwai bawan Allah guda da ya ga ɓarna bai kau da kai ba. Malam Ɗan'inna, Allah ya saka maka da alheri. Allah ya yi wa zuri'arka albarka. Allah ya jiƙan mahaifanka."

Masallaci ya amsa da amin mai ƙarfi. Kai, jama'a! Ɗan'inna yana sahu na uku, ya ji kamar an kwara masa ruwan randa. A sahun bayansa akwai baffannin Musaddiq su biyu, su ma sun shafa. Lasifikar nan kuwa har ƙauyukan maƙwabta ake jin ta. Luba tana tsakar gida ta ji sunan mijinta ya ratso katanga, ta zauna daɓas a ƙasa.

Ɗan'inna ya jira mutane suka ragu, ya durƙusa gaban liman. "Allah gafarta Malam, ai sirri aka ce."

Liman ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Sirri a wajen hukuma mana. Nan kuwa ɗakin Allah ne, ɗana. Mutum ya yi alheri irin wannan a bar shi ba addu'ar jama'a? Ai da na zalunce ka."

Abin da ya fi ƙona ran Ɗan'inna ke nan: ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Tsohon nan da zuciya ɗaya ya yi.

Sajan Ashafa da ya ji a waya sai ya yi salati. Ya ce mutum huɗu gare shi da babur ɗaya, ga ƙauyuka sun fi ashirin. "Baba, ka kaɗe riɗin nan ka kai gida."

"Yallaɓai, ɗanye ne. Ko na kaɗa ba abin da zai zubo."

Ɗan'inna ya bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ko za a riƙa karɓa-karɓa ana taya shi gadi. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen amin, su ne wannan ƙafarsa ke ciwo, wancan zai je Dutse dubiya. Ba mugunta ba ce. Kowa yana da abin da ya jingina a daji, kuma kowa ya ji abin da lasifika ta yi wa wanda ya yi magana.

Bayan kwana biyar aka ba da belin Musaddiq. Ya tarar da Ɗan'inna a bakin rijiya, ya rusuna har ƙasa.

"Baba, ina wuni? Ya riɗi? Allah ya sa a kaɗe lafiya."

Daga ranar Ɗan'inna ya tare a gona. Can yake ci, can yake salla, Luba na kai masa tuwo. Juma'a ta zagayo bai je masallaci ba. Sai ƙananan maganganu suka tashi: mutumin da aka yi wa addu'a a gaban jama'a, shi ne yanzu ya fi ƙarfin Juma'a? Liman ya aiko masa da saƙo mai taushi, cewa dukiya ba ta kai a bar farilla dominta ba.

Juma'a ta gaba riɗi ya bushe, bakinsa ya buɗe. Ɗan'inna ya aro tamfol, gobe Asabar za a kaɗe. Ya tsaya ya dubi dammunan, ya dubi hanya, ba kowa. Awa ɗaya ce dai, in ji shi a ransa. Ya yi alwala ya tafi.

Ana sallamewa ya ga hayaƙi ta gabas. Ya bar takalmansa a ƙofar masallaci ya zura da gudu. A kan 'yar hanyar gona ya yi kiciɓis da Musaddiq a kan babur, da jarka ɗaure a baya. Musaddiq ya rage gudu, ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Sannu, Baba," ya wuce.

Riɗi abu ne mai mai, ba ya jiran ruwa. Kafin ya isa, dammunan sun zama toka, duk dajin yana ƙamshi kamar ana suyar kantu. Ya zauna a kan kunyar gona.

Mutane suka taru a bayansa. Liman Talha ya iso yana haki, hawaye na bin gemunsa. Can sai ga Sajan Ashafa a kan babur ɗinsa, ya sauka ya tsuguna kusa da shi, ya fito da takarda da biro, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, kai ka fara isowa. Wa ka gani a hanya? Suna ɗaya kawai nake so, wallahi yau zai kwana a hannuna."

Ɗan'inna ya ɗaga kai. Ya ga maƙwabtansa duk sun zuba masa ido. Can gefe ga Luba, ta rungume 'yar autarsu tana kallonsa. Gona ta tafi, amma gidansa na kara ne, kuma a ciki suke kwana.

"Yallaɓai," ya ce, "ban ga kowa ba."