Idon Malam Mudi

Sandar Malam Mudi ta sake zamewa a kan falalen dutse, matarsa Kulsumu ta cafko gefen rigarsa tana mita, wai ita ba ta ga abin da zai sa tsoho mai furfura ya riƙa gasa da awaki ba. Ya ce ai ba wanda ya gayyace ta. Haka yake faɗa duk shekara, kuma duk shekara tana biye da shi da goran ruwa.

Dutsen ba sananne ba ne. Yana can bayan ƙauyensu, kusa da Birnin Tsaba, ko makiyaya ba su cika hawansa ba. Amma daga kansa Mudi ke duban gabas in bazara ta yi nisa, ya sauko ya ce a yi shuka ko a dakata. Bana maganar ta fi nauyi. Farin bara ya kwashe rumbuna, irin geron da ya rage wa mutane na shuka ɗaya ne tak. Ga shi jiya an yi yayyafi, kowa ya ƙosa ya fita gona.

Da suka kai ƙololuwa, ya dogara sanda ya ƙura ido kamar yadda ya saba. Sai dai kudu yake kallo. Kulsumu ta daɗe da sanin yanar ido ta rufe masa gani, tun da ya fara laluben buta. Tausayinsa ya kama ta. Ta dafa kafaɗarsa ta juya shi gabas a hankali, wai akwai ƙaya a gabansa.

Ya gane dabararta, sai ya tambaye ta.

"Tsohuwa, mi kig gani?"

Ta gaya masa gizagizan farare ne, sama-sama, ba su ɗauko komai ba, iskar damina kuma ba ta juyo ba tukuna. Ya tambayi ra'ayinta. Ta ce in ita ce, iri ya ƙara kwana a tukunya. Suka zauna suka raba goro, ya tsokane ta da cewa ta fi shi haki.

A gindin dutse maza na jira. Kulsumu ta ja baya tana gyara mayafi.

"A dakata," in ji Mudi. "Amma ba ni nag gani ba, idona ya tahi. Kulsumu tad duba, kuma ta hi ni gani tun ba yau ba."

Audu, ƙanensa, ya dubi sama, ya dubi matar yayansa. Sannan ya sauke sungumi daga kafaɗa.