Sawu Biyar a Tsakar Gida

Keken koyon tafiya har uku ne jingine a zauren Haruna kafinta a Ƙofar Marusa, duk shi ya ƙera su, kuma babu ko ɗaya da ɗansa Dabo ya taɓa turawa. Yaran unguwa kaf da keken Haruna suka miƙe. Nasa ɗan kuwa, wata goma sha tara cif, in an ɗora masa hannu a kan keken sai ya kalli mutum, ya sulale ƙasa, ya kama tayar yana tsotsa. Kai, yaron nan akwai ban haushi!

Uwarsa Zuwaira babu abin da ba ta yi ba. An ce ta shafa masa man shanu a gwiwa, ta shafa. An ce ta binne ƙafafunsa cikin yashi da hantsi, ta binne, ya zauna daram yana cin yashin. A asibiti an lanƙwasa ƙafafun an miƙe, aka ce ba shan inna ba ne, lafiyarsa lau, ranarsa ce ba ta zo ba.

Ranar Alhamis sai ga Inna Hajo, mahaifiyar Haruna, daga Batagarawa. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta yanke hukunci.

"Nono ne ya yi masa nauyi. Lahadi zan tafi da shi in yaye shi, ku gani in bai tashi ba."

Zuwaira ta san yayen ɗan fari a gidan kaka: shi kansa Haruna da aka kai shi, sai da ya shekara bakwai ya dawo. Ga shi ba ta da bakin magana, domin ɗan fari ko sunansa uwa ba ta kamawa a gaban mutane, balle ta ce tana son abinta. Ta lallaɓa zaure ta sami mijinta.

"Malam, ka yi mata magana mana."

"In ce mata me?" in ji Haruna, yana ta goge katakon da ya riga ya yi sumul. "In ya taka kafin Lahadi, ai hujjarta ta faɗi."

Asabar ta zo, ranar da sojoji za su miƙa mulki ga farar hula. Kowa ya tafi gidan maƙwabcinsu Alhaji Shehu kallon talabijin, har Inna Hajo. Zuwaira ta ajiye rariya da farantin garin da take tankaɗe, ta durƙusa gaban Dabo, ta tsayar da shi, ta saki. Ya zauna. Ta nuna masa alewa, ya rarrafo ya karɓa.

"Haba, kai kuwa! Sojoji ma da suka shekara goma sha biyar a zaune yau sun tashi, kai ba za ka tashi ba?"

Ya yi mata dariya da haƙoransa shida. Wallahi ji ta yi kamar ta make shi, sai kuma hawaye ya zo mata. Ta ji miya tana kamawa, ta ruga madafi. Tana cikin juyawa ta ji ƙarar faranti.

Garin ya kife, ya yi fari fat a ƙasa. Daga cikinsa wasu 'yan sawu suka fita zuwa gindin randa, inda Dabo ke zaune yana lashe yatsu. Babu shatin gwiwa, babu na tafin hannu. Ta ƙirga, biyar ne.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta leƙa ta katanga. "Inna! Malam! Dabo ya taka!" Sai da sunan ya fita ta tuna a gaban wa ta faɗe shi.

Inna Hajo ta shigo, Haruna na biye. Ta tsuguna, ta bi sawun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Alhamdu lillahi! To, yaron da ya taka ƙasa kuma me zai yi da nono? Ya ma rage mini wahalar goyo. Haɗa masa kayansa, da motar safe za mu tafi."

Zuwaira ta dubi Haruna. Haruna ya dubi randa.

Da hantsin Lahadi gidan ya yi tsit, Inna Hajo ta tafi da Dabo. Kaji sun riga sun tattake sawu huɗu, saura na ƙarshe, wanda Zuwaira ta kifa wa ƙwarya tun jiya. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida tas, tana zagaye ƙwaryar.