Ƙofar da Farfesa Ya Toshe

Ƙarfe goma sha biyu za a zo a kwance na'urar ɗakin gwajin a kai wa wasu masu bincike. Ga shi goma da rabi ta gota, Auta, ɗalibar Farfesa, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Sai zagaya teburin gwaji take.

Ƙwayoyin zarra biyu ne rak, rataye cikin hasken lesa a wata 'yar kwalba da aka zuƙe wa iska. Shekara uku tana fama ta ƙulla su, su zama ba a iya faɗin halin ɗaya sai da na ɗayar. Sukan ƙullu, amma na ƙiftawar ido. Ɗumi kaɗan, ko mota ta wuce a titi, sai su watse kamar ba su taɓa sanin juna ba. Kowace rabuwa a ƙirjinta take jin ta.

"Ɗiyata, kina sa ni jiri," in ji Baba Injiniya, tsohon da ke kula da wayoyin ɗakin. "Masoyan nan naki sun cika shagwaɓa."

"Baba, ƙofar hasken da Farfesa ya toshe a jikin na'urar zan buɗe."

"Wadda ya kwashe shekara bakwai yana liƙewa? Kin ƙoshi da karatun ke nan."

"Mun yi ta ɓoye su, amma duniya ta ko'ina take kutsowa. Lissafina ya nuna in haske na zuba ta nan, duk sanda suka rabu, zubar ce za ta mayar da su."

Baba ya miƙo mata sukudireba. "Ni dai ban ga komai ba."

Ta cire murfin da aka toshe ƙofar da shi. Layin da ke nuna ƙulluwarsu a kan kwamfuta ya tashi. Ta dafe baki tana jiran ya faɗo yadda ya saba. Ya yi rawa, ya ɗan sunkuya, ya sake miƙewa.

A haka Farfesa ya shigo ya tarar da ita, murfin a hannunta.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa, yallaɓai."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, idonsa ya sauka kan kwamfutar.

"Tun yaushe yake a haka?"

"Minti ashirin."

Ya juya ya fice. Hawaye suka cika mata ido. Can sai ta jiyo muryarsa a baranda yana waya, har yana in'ina:

"Kada ku turo kowa. A'a, goben ma kada ku zo."