Maganin da Na Ba Yayana

Shekara tara ina tsaye bayan kantar kemis ɗina, mutanen layinmu suna ce mini Dokta. Ban taɓa gyara musu ba. Ɗan abin da na sani a wurin tsohon maigidana na tsinta: wane kwali ne na tari, wane ne na ciki.

Yayana tela ne, daga safe har la'asar yana kan kujerar katako yana taka keke. Wata rana ya shigo, ya jira sai da wasu mata biyu suka fita, sannan ya jingina da kanta yana kallon kwalabe.

"Akwai wani abokina," in ji shi, "in ya zaga yana ganin jini."

"Abokin nan naka shi ma tela ne?"

Ya yi dariya ya kai mini duka a kafaɗa. "Ba ka da kunya. Ba ni abin da za ka ba ni kawai."

Na naɗe masa man shafawa na basir da na cusawa a takarda don kada a gane. Na ce ya rage yaji, ya sa matashi a kujera. Ya sami sauƙi na mako biyu, abin ya dawo. Na canza masa na wani kamfani. Bayan wata shida ciwo ya kama masa ƙugu, yana bin ƙafar hagu har dunduniya. Na ce jijiya ce, zaman keke ne, na ƙara masa ƙwaya safe da yamma. Ƙwayar tana sa shi gyangyaɗi a kan aiki, har ya taɓa ɗinke hannun riga a baibai.

Matarsa ce ta fara tsorata. Ta same ni shago cike da mutane, ta rage murya.

"Dokta, yayanka fa sau biyu ke nan yana rage ƙugun wandonsa. Ko mu kai shi asibiti?"

"Me za su yi masa? Su tuɓe shi gaban ɗalibai, su rubuto abin da ke bayana ɗin nan."

Da ƙarfi na faɗa, don ana saurare. Wani dattijo ya gyaɗa kai. Ta ɗauki ledar maganin ta tafi.

Shekara ɗaya da rabi muna haka, sai ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa da almakashi a hannu. A asibiti aka yi awo, aka ɗauki hoto. Likitar ta tara mu a gefen gadonsa.

"Ba basir ba ne," ta ce. "Ƙari ne a hanji. Ya girma har yana danne jijiya, shi ne ciwon ƙafar."

Matar yaya ta zazzage leda a kan gado: kwalaye, matsattsun robobin mai, takardun ƙwaya. Likitar ta juya su da bironta.

"Wa yake ba shi waɗannan?"

Matar yaya ta dube ni. Na buɗe baki, amma yayana ya riga ni.

"Ni nake saya, likita. Nan da can, duk inda na gani."

"Da bara kuka zo," in ji ta, "da wata maganar muke yi yanzu."

Da suka fita na matsa kusa da shi.

"Yaya, me ya sa ba ka gaya mata ba?"

"Gyara mini filon nan," ya ce. Na gyara. Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu, bayan wata huɗu.

Matarsa ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. In mun haɗu tana gaishe ni, ta tambayi iyali. Gidansu ƙofa uku ne daga shagona. Makon jiya 'yarta ta yi zazzaɓi, na hango uwar da tsakar rana tana jiran motoci su wuce, za ta tsallaka babban titi zuwa wani kemis da ke can tsallake. Na ɗaga mata hannu. Ta ɗaga mini, ta tsallaka.